An Gaya wa na Nesa?

Duk wanda ya sauka a tashar Gumel ya tambayi shagon Badamasi tela za a nuna masa, amma kada ya kuskura ya kai ɗinki in yana son kayansa kafin salla. Keken ɗinkin yana nan, baƙi, na gado, sai dai rabin yini a lulluɓe yake da ƙyalle, mai shi kuma yana kan benci a ƙofar shago, ya duƙufa a kan waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shi ne mai shafin nan na Fesbuk da ake kira Bakin Tasha, wanda mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suke buɗewa da safe tun ba su wanke ido ba. Su buɗe, su karanta, su ƙaru, sannan su zage shi. Sun saba, shi ma ya saba.

Ba da waya ya fara ba. Tun yana saurayi ɗan zaɓi-sonka ne, irin waɗanda suke sayen katin gaisuwa su cika shi da sunaye su aika gidan rediyo, sannan su manna kunne a jikin akwati suna jiran a ambace su. Mahaifinsa, Malam Ishaƙ tela, ya yi faɗa har ya gaji, yana cewa shi allura ya koya wa ɗa, ɗan ya zaɓi gaishe-gaishe. Amma ta wannan gaishe-gaishen ne Badamasi ya san mutane. Ambaci kowane ƙauye daga Gagarawa zuwa bakin iyaka, zai gaya maka mai shayin garin, da wadda ta aurar da 'ya bara, da wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba. Da manyan wayoyi suka shigo gari sai kawai ya kwashi wannan jama'a tasa ya zuba a shafi. Abu na farko da ya sa cigiyar wata jaka ce mai ciki da ta ɓace ranar kasuwar Maigatari. Aka gan ta a wani ƙauyen Gagarawa tana cin harawar mutane, aka mayar wa mai ita. Daga ranar ya zama hukuma.

Komai yana shiga Bakin Tasha. Cigiyar akuya, farashin riɗi da gero, yadda sefa ta kwana a Maigatari, inda ruwa ya cinye hanya, unguwar da taransifoma ta ƙone, ɗaurin aure, suna, saukar karatu. Datar da ake wannan hidima da ita daga ɗinki take fitowa, kuma matarsa Rabi ta sha faɗin ra'ayinta a kan haka, ba a ɓoye ba.

Masu karatun nasa kuwa sai dai a ce Allah ya shirya. Ka rubuta a layin farko cewa abu ya faru a Maigatari, mutumin farko da zai yi sharhi tambayarsa ita ce, a ina ne? Wani ya aiko saƙon murya mai tsawon huɗuba, gaisuwa ta cinye rabi, tari ya cinye saura, abin da ya kawo shi yana can ƙarshe a maƙale. Badamasi yana saurara har ƙarshen, ƙafa a kan keke, baki yana mita, sannan ya amsa wa mutum da sunansa da na ubansa. Akwai 'yan gida da suke Libiya da Aljeriya da Fatakwal, waɗanda ran da aka yi ruwan farko za su dame shi sai ya ɗauko musu hoto. Sai ya fita ya ɗauki kududdufin gaban tasha da taɓonsa da ledojinsa ya sa musu, su yi ta kuka a can suna cewa gida daɗi. Yana yi musu tsiya, amma gaskiyar magana son su yake yi, son da shi kansa yake jin kunyar faɗa.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, sanarwar rasuwa. Ko wane ne ya kawo, ko da wace irin gaggawa, tambayarsa ɗaya ce kafin ya taɓa waya: “An gaya wa na nesa?” Yana nufin ɗan da yake Kudu, da 'yar da take aure a Damagaram, da mijin da ya tafi ci-rani. In an gaya musu, ya sa nan take. In ba a gaya musu ba, ko za a kwana ana yi masa magiya ba zai sa ba.

A gida ya tarar da wannan. Malam Ishaƙ, ban da ɗinki, shi unguwa take aikawa idan an yi rasuwa kuma akwai ɗan'uwa a wani gari. Ya ɗauki kekensa na hawa ya tafi. In ya isa ba ya faɗa daga ƙofa. Sai ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi damina. In mace ce, sai ya ga ta sauke goyo ta matsa daga bakin murhu. In namiji ne, sai ya ga ya sauko daga kan rumbu ko ya ajiye gatari. Sannan ya ce jikin wane ya yi tsanani, ya ɗan saurara, ya bar zuciyar mutum ta tako da ƙafarta, kafin ya ce sai haƙuri. Labarin mutuwa kaya ne mai nauyi, ɗora wa mutum shi ake yi, ba a cilla masa. Mutanen da ba su shiga aji ba sun san wannan.

Yanzu fa? Yanzu ba a gama rufe wa mamaci ido ba wani ya riga ya zaro waya yana neman tsohon hotonsa. Tsere ake yi, kowa yana so a ce a wurinsa aka fara gani, sai ka ce akwai kyautar babur ga wanda ya riga. Mace tana tsakar gidan miji tana duba hotunan atamfa, sai ta ci karo da fuskar ubanta. In ka yi magana a ce maka ai addu'a ake nema wa mamaci. Addu'ar da ko rubuta ta ba a iya yi cikakkiya, sai an gutsure ta saboda ƙiwar yatsa. Badamasi ya yi wannan faɗa a shafi ba sau ɗaya ba, aka yi ta danna masa alamar yabo, aka ci gaba da halin da aka saba.

Cikin masu karatunsa babu kamar Ya'u, direban tirela ɗan Ɗanzomo, mai ɗaukar shanu daga kara, kasuwar dabbobi ta Maigatari, zuwa Ikko. Tare suka yi zaɓi-sonka, shi yana kiran Badamasi Tela, Badamasi yana kiransa Direba. Wayar Ya'u a maƙale take a gaban sitiyari, kuma ko me aka sa a Bakin Tasha yana cikin na farkon gani. Badamasi ya yi masa faɗan wannan ɗabi'a har bakinsa ya gaji. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, “Tela, in ina hanya shafinka ne ƙofar gidanmu. In na leƙa na ga cigiyar akuya, na san kowa lafiya.”

Mahaifiyar Ya'u ita ce Adda Larai ungozoma. Ba wanda zai tambaye ka wace Larai. Rabin 'yan acaɓan Sule Tankarkar ita ta yanke musu cibiya, kuma an sha ɗaukar ta a amalanke zuwa ƙauyukan Gagarawa da na bakin iyaka in haihuwa ta zo da gardama. Ya'u ne ɗanta namiji tilo, sai ƙanwarsa Hidaya.

A daminar bara ne abin ya faru, lokacin noman farko. Ya'u ya yi lodi ranar kasuwa, ya tashi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kafin ya tashi ya aiko hotonsa a gaban mota, ya dafa ƙofa yana washe baki, masu rakiyar shanu suna zaune a kan katako can sama ƙafafunsu suna reto. Badamasi ya sa hoton ya rubuta Allah ya kai lafiya. Washegari da sassafe saƙon murya ya shigo, Ya'u yana cewa ya wuce Lokoja, zai shiga hawa da gangaren Okene, a yi musu addu'a.

Bai gama sauraron saƙon ba kiran Hidaya ya shigo. Muryarta kawai ya ji ya ajiye almakashi.

“Yaya Badamasi, Adda ta cika. Ta yi asuba lafiya, ta ce ƙirjinta, ta kwanta, shi ke nan.”

Ya yi salati, ya yi mata ta'aziyya, hawaye suna zubo masa, don shi ma 'ya'yansa biyu a hannun Adda suka faɗo.

“Yaya Ya'u yana hanya,” in ji ta. “Don girman Allah kada ka sa. Ka san shi da Adda. Ka kuma san shi da waya.”

“Na sani, Hidaya. Ko ba ki faɗa ba.”

Direbobin dogon zango suna da yadda suke yi, ba a gaya wa mutum mutuwa yana kan sitiyari. Shugaban zangon da zai tsaya ake kira, shi ya tare shi, ya karɓi makulli da sunan za a gyara fakin, ya ja shi rumfa a ba shi ruwa, sannan a faɗa masa. Badamasi ya nemo lambar shugaban zangon da Ya'u yake yada zango kusa da Ibadan, ya yi masa bayani. Mutumin ya ce ba damuwa, amma motar ba za ta iso ba sai wajen la'asar, kuma kafin nan ba inda za a tare shi, don motar shanu ba ta son tsayuwa a hanya. Ke nan daga hantsi zuwa la'asar akwai mutum a kan gangara, da tirela cike da shanu, da bayin Allah a saman katako, kuma bai kamata ya sani ba.

Sai ga kiran Malam Habibullah, ƙanen marigayiyar, dattijo mai makarantar allo a Ɗanzomo.

“Badamasi, ka sa sanarwa. Za a yi salla kafin azahar.”

“Allah ya gafarta Malam, an gaya wa na nesa?”

“Na san da Ya'u. Amma ka saurare ni, ɗana. Damina ce, kowa yana gona. Lasifikar masallacinmu ba ta wuce bayan gari. Matar nan ta yi wa ƙasar nan wahala, dare da rana, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Abin da ya rage a yi mata ɗaya ne, a cika mata sahu. Shi mai rai ana iya ba shi haƙuri gobe. Ita yau ce kawai gare ta.”

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce tsagwaronta. Gaba kura baya sayaki. Malam ya ce, “Kana ji na?”

“Ina ji, Malam. Ba zan iya sawa ba. Amma zan kira mutane da bakina, ɗaya bayan ɗaya.”

“Mutum nawa bakinka zai kira?” in ji dattijon, ya kashe waya.

Badamasi ya zauna ya shiga kira. Mai shayi a Gagarawa, dillali a Maigatari, limamin wata unguwa a Sule Tankarkar, shugaban 'yan acaɓa. Kowa ya gaya masa abu biyu: Adda Larai ta rasu, a zo salla kafin azahar, kuma don Allah kada a rubuta ko'ina, ɗanta yana tuƙi. Kowa ya ce haba, ai ba sai an faɗa ba. To, magana zarar bunu ce. Ka gaya wa mai data a waya kada ya rubuta, kamar ka ba akuya ajiyar dusa ne. Wanda aka kira bai rubuta ba, ya dai gaya wa na kusa da shi, ya manta da rabin saƙon na biyu.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sharhin farko ya faɗo, a ƙarƙashin rubutun farashin riɗi. Allah ya jiƙan Adda Larai. Badamasi ya goge, ya bi mutumin ta saƙon sirri ya roƙe shi. Kafin ya dawo wasu sun faɗo. Ya goge. Ya rufe ƙofar sharhi a rubutun, suka koma na ƙasa da shi, na taransifoma. Ya rufe nan, suka ɓulla a cigiyar wani rago da aka daɗe da samu. Gumi ya jiƙa masa riga, ga mai ɗinki ya zo karɓar kaya yana tsaye yana masifa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Da suka ga ana gogewa sai addu'a ta koma zagi. Wani ya ce shafin ya zama na 'yan gata. Wata ta ce an ga girman kai, mutum ya samu mabiya ya ɗauka shi ne gwamna. Sai Anas ya shigo, wani matashi ɗan Gumel da ya gama karatu yana jiran aiki, wanda ba a taɓa yin magana a shafin bai sa baki ba. Ya zuba dogon rubutu. Ya ce ran da wani attajiri ya rasu Bakin Tasha bai ɓata lokaci ba, amma yau da yake talaka ce, mace, 'yar ƙauye, har goge addu'ar mutane ake yi. Ya ce Allah yana kallo.

Wannan ita ta ƙona wa Badamasi rai. Attajirin da ake faɗa 'ya'yansa duk suna gefen gadonsa ya cika, ba na nesa ko ɗaya. Amma ta ina zai faɗa? In ya fito fili ya ce na riƙe ne saboda Ya'u yana tuƙi, ai ya yi sanarwar ke nan. Bakinsa a ɗaure, ana dukansa, ba damar ya ce wayyo. Ya bi Anas ta saƙon sirri, ya yi masa bayani dalla-dalla, har da roƙo. Amsar da ya samu ita ce, “Mutuwa ba abin ɓoyewa ba ce, Malam Badamasi. Zamani ya wuce nan.”

Zamani! Kuma abin takaicin, duk waɗannan masu kishin Adda Larai sun ji labarin da sauran lokaci. Daga Gumel zuwa Ɗanzomo ba Makka ba ce, babur yana kai mutum. Wanda ya ji zafin an hana shi rubuta addu'a, me ya hana shi tashi ya je ya yi ta a tsaye a bayan liman? Ba wanda ya motsa. Suna zaune a rumfunan cajin waya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, suna kare haƙƙin matar da ba za su iya ƙona man babur saboda ita ba.

Shi dai Badamasi ya ga ba zai iya zama ba. Matar da ta karɓi 'ya'yansa, kuma shi ne ya hana a yi mata shela, a ce shi ma bai je ba? Ya bi rubuce-rubucen sama ya rufe sharhinsu iya waɗanda ya tuna, ya ja ƙofar shago, ya hau babur. Bai yi nisa da barin kwalta ba sabis ya ɗauke.

A ƙofar gidan aka yi sallar. Sahu biyu ne, na biyun ma bai kai ƙarshe ba. Yawanci tsofaffi, sai 'yan waɗanda suka jefar da fartanya suka taho da taɓo a ƙafa, sai mutum kaɗan daga cikin waɗanda ya kira. Matar da in da an yi shela da sai an rasa wurin ajiye babur. Badamasi ya tsaya a ƙarshen sahu na biyu, babu kowa a hagunsa, yana jin wurin nan da ba kowa kamar ciwo. Aka kai ta, aka rufe, aka dawo. Ya durƙusa gaban Malam Habibullah ya yi masa ta'aziyya. Dattijon ya amsa, ya dube shi, ya dubi 'yan tabarmin da aka shimfiɗa waɗanda rabinsu ba kowa.

“Ka gani dai da idonka,” ya ce. 

Badamasi ya tura babur ya fita bayan gari, ya hau wani ɗan tudu a gefen gonar gero inda ake samun sabis. Wayar ta shiga kaɗawa ba tsayawa. Yana buɗewa ya ga inda ya yi sake. Hoton Ya'u na jiya, shi ne bai rufe ba. Can suka taru. A ƙarƙashin mutumin da ya dafa ƙofar mota yana dariya, ta'aziyya ce jere ba iyaka, kuma kusan kowa ya maƙala sunan Ya'u, yadda duk wanda ya rubuta sai wayar da take gaban sitiyari ta yi ƙara. Allah ya ba ka haƙuri, direba. Uwa ba wasa ba. Har da masu tambayar ko ya ji.

Bai fara gogewa ba kira ya shigo. Ya duba, sunan Ya'u ne. Ya ɗauka. Ƙugin inji ne ya fara cika masa kunne.

“Tela, me mutanen nan suke rubutawa a ƙarƙashin hotona?” Muryar Ya'u tana sama. “Na kira Hidaya ba ta shiga. Na kira Kawu ba ta shiga. Na duba sama na ga ba ka sa komai ba. Na ce in dai Bakin Tasha bai sa ba, ƙarya ne. Ƙarya ne ko?”

“Tuƙi kake yi?”

“Gangara nake. Ka ba ni amsa mana.”

“Ya'u, nemi wuri ka tsaya.”

Inji ya ci gaba da ƙugi. Badamasi ya runtse ido yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya ji an canja giya, ya ji wani hon mai tsawo ya wuce, ya ji birki yana huci, kofatai suna dukan ƙarfe, wasu muryoyi daga sama suna tambayar lafiya.

“Na tsaya.”

“Kashe ta.”

Ƙugin ya mutu.

“Sauko. Ka zauna a ƙasa.”

Aka buɗe ƙofa, aka rufe. Numfashi kawai yake ji, da kukan wata saniya.

“Na zauna, Badamasi. Faɗa min.”

Ya rubuta sanarwar rasuwa ba adadi, amma rubutu daban, baki daban.  Da ƙyar ya ce, “Sai haƙuri, Ya'u. Adda ta riga mu. Yau da asuba.”

Ya'u ya yi ta maimaita innalillahi, a hankali, har muryar ta karye. Badamasi ya bar shi ya yi kukansa, shi ma yana nasa a gefen gonar mutane. Can Ya'u ya ja hanci ya tambaya ko ta sha wahala. Badamasi ya ce a'a. Ya tambaya ko an kai ta. Ya ce yanzu aka dawo, da shi aka yi.

“Alhamdu lillahi. Jama'a fa? An cika ko? Na san Gagarawa kaɗai ta isa ta cika filin nan.”

Ƙarya tana bakinsa, guda ɗaya, mai sauƙi. Amma mutumin nan yanzu ya gama cewa abin da bai fito daga wurinsa ba ƙarya ne.

“Damina ce, Ya'u. Mutane suna gona.”

“Ba ka sa ba ke nan. Tun asuba ba ka sa ba.”

“Ban sa ba.”

“Saboda ni.”

“Saboda kai, da mutanen da suke saman motarka.”

“Sahu nawa?”

Ya faɗa masa.

 Da Ya'u ya yi magana, ba da faɗa ya yi ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi sauƙi.

“Adda ce fa, Badamasi. Ni ban samu sallarta ba, ka kuma hana wasu su samu. Da ka sa. Ni namiji ne, da na gani da na tsaya.”

Badamasi ya buɗe baki zai ce masa ai ka gani, kuma ba ka tsaya ba, a kan gangara ka kira ni. Ya haɗiye. Ba a gaya wa mutumin da yake zaune a bakin titi a ƙasar mutane, uwarsa tana cikin rami, cewa an fi shi gaskiya. Kuma shi kansa a lokacin bai tabbata ya fi shi ba. Ya roƙe shi kada ya tayar da motar sai ya samu natsuwa, ya ce a ba shi ɗaya daga cikin masu rakiyar shanu, ya damƙa masa amanar makullin. Ya'u bai sake karɓar wayar ba.

Badamasi ya zauna a kan kunyar gero, rana ta take, ya rubuta. Ya sa sunanta cikakke, da garinta, da aikin da ta yi wa mutane. Ya ce an yi jana'iza, ana zaman makoki a gidanta da ke Ɗanzomo, wanda ya san ta karɓe shi ko ta karɓi ɗansa ya taka da ƙafarsa ya zo. Ya karanta, ya gyara, ya danna.

Bai kai ga tayar da babur ba sharhin farko ya shigo. Anas ne.

“Sai yanzu?”

Badamasi ya daɗe yana kallonsa, yatsansa a kan wurin gogewa. Bai goge ba.